Lallen da Ɗanbala Ya Saya

Ni Batulu ba na cikin matan da ake cuta su ce sun bar wa Allah, su koma gefe suna sharar hawaye. Ina bar wa Allah, amma sai na fara gutsirar nawa kason. Na faɗa muku tun daga farko, don kada wata ta gama karantawa a wayarta ta zo tana yi min wa'azin haƙuri. Haƙurin nan na ci shi har ya ginshe ni.

Shekarar farin nan ce, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. A rediyo kullum labarin arzikin mai ake yi, mu kuwa a Tudun Baure, ƙauyenmu da ke tsakanin Gwaram da Zandam, gero ya kawo iya gwiwa ya tsaya ya bushe. Maza masu ƙarfi duk suka tafi cin rani, wasu Jos wasu Kano, aka bar gari daga mata sai tsofaffi da yara. Tafasa da dusa muke kwaɗawa mu ci. A lokacin shekaruna ashirin da uku, bazawara, don aurena na fari wata tara ya yi mai gidan ya rasu, na gama takaba na dawo gaban Baba da Inna.

Gwamnati ta aiko da hatsin agaji, wata jar dawa mai wuyar surfe. Daga Birnin Kudu ake lodo ta, kuma wanda aka damƙa wa rabon garinmu shi ne Ɗanbala. Mota takan shigo a cike muna gani da idonmu, amma ranar rabo sai a zuba wa mace abin da ba zai kai ta kwana uku ba, a ce ya ƙare. Ranar kasuwa kuwa ga jar dawar nan a buhu-buhu ana sayarwa. Kowa ya sani, kowa ya yi gum, sai mutum ɗaya.

Malam Iliyasu malamin yaƙi da jahilci ne. Kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar dandali ya koya wa manya karatu, ya karanta musu jarida, wanda aka zalunta ya rubuta masa takardar kuka kyauta. Danganmu ya jingina da dandalin, ta hujin zana na koyi baƙaƙen boko ina zanawa a ƙasa da tsinke. Ranar da ya yi tambaya aji duka suka kasa, na ba da amsa daga bayan danga, ranar ya san da ni. Baƙi ne siriri, rigarsa biyu duk duniya, kekensa ba birki sai ya sa ƙafa. Ina sonsa. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, ina sonsa tun daga ranar har gobe.

Shi ya rubuta takardar kuka zuwa Kano a kan hatsin. To wa zai sa hannu? Maza ba sa nan, tsofaffin da suka rage kuwa kowa ya ce idonsa ba ya gani. Sai mata. Shi ba shi da ikon shiga gidaje, don haka ni na naɗe takardar a zanina da ɗan gwangwanin tawada, na bi gida-gida kwana uku da sunan neman aron rariya. Mata tamanin da biyu suka dangwala babban yatsa. Tawadar shuɗiya ce mai nacin tsiya, kuma hannun macen da ke daka da surfe duk tsaga ne, in ta shige ciki da gefen farce sai ta yi mako ba ta fita ba. Ba wanda ya yi tunanin wannan a cikinmu.

Ranar Litinin aka yi shela cewa saboda halin da ake ciki an hana taron mutum fiye da biyar a dandali. Kafin azahar wasu masu kaki biyu suka zo da mota, suka ɗauke Malam Iliyasu daga gindin ɗorawa da allin rubutu a hannunsa. Suka birkice ɗakinsa ba su ga takarda ba, don tana ƙarƙashin tukunyar ruwan Inna.

Talata da hantsi Justina ta zo. Ungozoma ce 'yar Kagoro da ke aiki a Birnin Kudu inda aka kulle Malam, takan zagayo ƙauyuka duba masu ciki, ita ta karɓi haihuwar rabin yaran garinmu. Ta ja ni ɗaki ta ciro wata 'yar takarda daga ɗankwalinta, bayan kwalin sigari ne Malam ya rubuta da fensir.

"Batulu, ina lafiya. Kada ki biye wa abin da Justina za ta faɗa miki, tana da ƙari. Sun ce na tara mata na zuga su, amma ba su da shaida ko ɗaya. In ba su samu wadda ta dangwala ba zuwa Asabar, dole su sake ni. In sun samu, kurkukun Kano za a wuce da ni. Takardar ta bar gidanku yau. Ki gai da Baba."

Na ɗago na dube ta. "Yaya Justina, gaya min gaskiya."

"Ni na wanke masa tafin ƙafa," in ji ta. "Ba ya iya takawa. Kunnensa na hagu kuma jini yake. In aka kai shi Kano a haka, Batulu, ban ce zai dawo ba."

Ban yi kuka ba. Na ɗauko takardar na ba ta, ta cusa ta cikin akwatin kayan haihuwa ƙarƙashin auduga, ta ce wani direba ɗan cocinsu zai shiga Kano jibi. Tana fita na sami tsumma na ɗaure babban yatsana, na ce wa Inna wuƙa ce ta yanke ni.

Yanzu bari in gaya muku wani abu game da Ɗanbala. Wata huɗu yana nemana ina ƙi. Duk zuwan da zai yi sai ya ajiye ƙullin dawa a zaure, Inna ta ɗauka ta dafa, mu ci, sannan ta zauna ta tasa ni gaba.

"Ke wace irin 'ya ce? Ubanki ido ya tafi, ƙannenki sun koma kamar kara. Mutum ya zo da rufin asiri kin tsaya kallon mai keke. Allo za ki dafa mana?"

"Inna, dawar nan fa ta marayu ce."

"Mu kuma 'ya'yan sarki ne? Rufe min baki."

Ban ga laifinta ba. Uwar da ta ga ɗanta yana lasar murfin tukunya ba a yi mata hisabi da ma'aunin mai ƙoshi.

Ranar da la'asar sai ga ƙarar babur ɗinsa. Ya shigo zaure cikin shadda ruwan ƙwai mai aiki har ciki, agogo a hannu, rediyo rataye a kafaɗa, turare kamar ya yi ɓarin kwalba. A garin da kowa wuyansa ya zama tsinke, shi har da taiɓa. Na fito da atamfata koriya da ta koɗe, na zauna bakin tabarma na ɓoye hannu a mayafi.

"Gimbiya, yau ko murmushi babu? Ko ta'aziyyar malaminku ake yi?"

"Allah ya kyauta," na ce.

"Ai shi ya ja wa kansa. Ni fa ɗalibinsa ne, ban musa ba, shi ya riƙe hannuna na koyi alƙalami. To ai ga shi na nuna masa karatun ya zauna. Shafi biyu na rubuta na ƙara a kansa, ba kuskure ko ɗaya, har babban ma'aikacin da na kai wa sai da ya yaba hannuna."

Ya yi dariya har da dukan cinya. Jama'a, da wuƙar da na yi ƙarya da ita tana kusa, ban san abin da zai faru ba. Sai na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

"Amma an ce ba su da shaida."

"Za su samu jibi." Ya matso ya rage murya, irin na mai son a san shi ma babba ne. "Ke kaɗai na gaya wa. Alhamis ranar rabo ce. Zan kira sunan kowace mace a garin nan, ta miƙo hannu kafin a zuba mata. Wadda ba ta zo ba a bi ta gida. Tawadar nan na san ta, ba ta fita da wuri. Mace ɗaya nake nema, ɗaya tak, a tsorata ta ta buɗe baki. Shi ke nan malam ya tafi Kano cin gabza."

Na tsaya kallon ƙafarsa cikin takalmi sau-ciki mai sheƙi. Mata tamanin da biyu, kwana ɗaya a tsakani, ga ruwan wanki ma sai an yi tafiya. Ko da dutse aka goge ba za ta fita duka ba. Idona ya sauka kan farcen ƙafata, inda ragowar lallen sallah ya kusa ƙarewa. Wallahi a nan dabarar ta faɗo min, kamar an raɗa min a kunne.

"Ɗanbala," na ce, karo na farko da na kira sunansa da taushi. "Na gaji da wahala. Na amince."

Sai da rediyon ya kusa zamewa daga kafaɗarsa. "Me kika ce?"

"Na amince, amma da sharaɗi. Aurena na fari a gaggauce aka yi, ko guɗa ba a yi min ba. Ina so a yi min lalle irin na budurwa, gobe-goben nan. Kowace mace a garin nan ta zo ta ƙunsa, hannu da ƙafa, a san ɗan wane ne ya neme ni. In ba za ka iya ba, a bar maganar."

"Ni ne ba zan iya ba? Bazawara da lallen gari guda, za a yi surutu, amma a yi! Gobe da sassafe zan aika Gwaram a kwaso duk lallen da ke kasuwa."

"An fa hana taro."

"An hana taron 'yan tsugudidi. Wannan bikina ne. Wa zai hana?"

Ya fita yana tuntuɓe da bakin rigarsa. Inna da ke laɓe ta rangaɗa guɗa ta rungume ni tana kuka. Baba kuwa, Malam Abdulsalami, yana zaune kan buzunsa, da na kawo masa ruwan alwala sai ya tambaye ni.

"Batulu, ke kika yi maganar nan ko yunwa?"

"Ni ce, Baba."

"To. Ke ba yarinya ba ce, bakinki shi ne hujja. Amma in na ba mutum magana ba na janyewa, kin san ni."

"Na sani, Baba."

Laraba kafin rana ta take, gidanmu ya cika har bayan danga. Lalle ƙwarya-ƙwarya, har da goro da buhun dawa da angon ya aiko a yi wa baƙi tuwo. Dawarsu ce dai ta dawo musu ta ƙofar biki. Iya A'i, tsohuwar da ke yi wa amaren garinmu ƙunshi, ita kaɗai na fara gaya wa. Ta dube ni ta dubi yatsanta, ta yi wata dariya ba haƙori.

"'Yar nema! Kawo lemon tsami a ƙara, yau sai ya kama kamar bakin tukunya."

Ana kiɗan ƙwarya ana waƙa, magana tana bi daga kunne zuwa kunne. Babu zane babu ado ranar, dumɓul aka yi, kowa ta cusa hannu cikin zunguru har wuyan hannu, a cire a wanke a sake mayarwa. Waɗanda ba su dangwala ba ma suka ƙunsa don kada a bambance. Tunda aka hana dandali ba mu taɓa haɗuwa haka ba, sai ga mata suna faɗin abin da ke cinsu a fili, wadda ɗanta ya kumbura, wadda ta sayar da tukunyar gadonta. Ɗanbala ya wuce ta ƙofar gida sau uku a kan babur yana ɗaga hannu, mata suna yi masa guɗa. Ban taɓa jin guɗa mai daɗin wannan ba.

Da yamma na bi fuskoki ina dubawa. Babu Zahara'u. Mijinta ya rasu a hanyar Jos wata biyu da suka wuce, tana cikin takaba, kuma mai takaba ba ta ado, ba ta lalle. Ita ce ta uku da ta dangwala. Na saɓi ƙwaryar lalle na nufi gidanta da hannuna a naɗe.

Na same ta tana tafasa ganye, 'ya'yanta uku sun zagaye murhu. Na yi mata bayani, ta girgiza kai.

"Ba zan sa lalle ina takabar uban 'ya'yana ba, Batulu."

"Yaya Zahara'u, lalura ce. Yatsa ɗaya kawai. Ko malamai aka tambaya..."

"Wane malamin zan tambaya, a ji dalili? Ki tafi. Ba zan saɓa wa Allah ba, kuma Malam Iliyasu ba zai tafi Kano ta dalilina ba. Shi ya rubuta wasiƙar da aka nemo min inda aka binne mijina."

Na roƙe ta har na durƙusa, ta ɗauke kai. Na dawo gida da ƙwaryar lallena.

Alhamis aka kafa tebur a gindin ɗorawar, daidai inda tabarmar Malam take zama. Ɗanbala ya hakimce da takardar sunaye, masu kakin nan biyu a bayansa. Mata suka yi layi har bakin rijiya. Ya kira ta farko, ta miƙa hannu baƙi-ƙirin da ja a gefe. Ya juya shi, ya kankare da farce, ba komai. Ta biyu haka. Ta goma haka. Ina tsaye ina kallon yadda murmushinsa yake raguwa kamar ruwa a kasko. Ɗaya daga masu kakin ya ce, "Kai, wane shashanci ne wannan? Duk garin amare ne?"

"Ai bikin mai gida ne, ranka ya daɗe," in ji Iya A'i. "Shi ya saya mana, Allah ya ƙara arziki. Ko ba a gayyace ku ba?"

Layi ya ɗauki dariya. Ɗanbala ya ɗago, idonmu ya haɗu, na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Na ɗaga masa hannuwana biyu na juya su a hankali, yadda amarya ke nuna wa ango ƙunshi.

Sai ya hango Zahara'u a ƙarshen layi da fararen hannuwa, ya miƙe tsaye. "Ke, mai takaba! Zo nan."

Ta tako a hankali. Babban yatsanta na dama a naɗe da ganye. Ya fizge ganyen da kansa, sai ya ja da baya. Fatar yatsan duk ta saɓule, jan nama ne kawai yana ruwa.

"Tukunya ce ta ƙona ni," ta ce, ba ta ko ƙifta ido ba. "A zuba min, yara na jira."

Dariyar da ke bakina ta mutu. Na san ba tsautsayi ba ne, kowa a layin ya sani. Mace ta ɗora yatsanta a kan tukunya mai zafi ta danne, saboda wani ƙato yana son ya ci hatsin 'ya'yanta hankali kwance. A wurin na yi rantsuwa a zuciyata, ko zan yafe wa Ɗanbala ƙafafun Iliyasu, ba zan yafe masa yatsan nan ba.

Masu kaki suka shiga mota suna zaginsa. Baba kuwa ya riga ya karɓi manyan Ɗanbala tun daren Laraba, an sa ɗaurin aure Juma'a ta sama.

Asabar da azahar motar kasuwa ta tsaya a bakin dandali. Justina ta fara sauka, sannan ta kamo hannunsa. Ya rame, yana dogara sanda, yana taka gefen ƙafa. Mata suka fito daga gidaje suna barka, ni ma na fito da gudu ba ko mayafin kirki. Ya hango ni fuskarsa ta washe. Kafin in ƙarasa sai ga Ɗanbala ya sha gabana, ya miƙa masa hannu.

"Malam, barka da arziki. Ka dawo a daidai, Juma'a ɗaurin aurena da Batulu. Kai za ka yi mana addu'a."

Iliyasu ya karkato kunnensa mai ji, kamar bai fahimta ba. Sannan ya dubi hannuwana. Ya daɗe yana kallonsu. Bakina ya cika da magana, amma yaran Ɗanbala suna tsaye kewaye da mu, kalma ɗaya in ta fita ta zama shaidar da suka rasa.

"Allah ya sanya alheri," in ji shi. Ya juya yana ɗingishi, bai waiwayo ba.

Da a ce mari ya yi min da ya fi sauƙi. Ina tsaye kamar an dasa ni, Ɗanbala ya sunkuyo daidai kunnena.

"Na san abin da kika yi. Kin mai da ni abin dariya da lallena. To ki fasa auren ki gani. Lalle yana goge tawada, amma ba ya goge baki, a cikin matan garin nan ba za a rasa mai jin yunwa ba. Ranar da kika ce kin fasa, washegari malaminki yana Kano."

Na share idona da bakin zani, na dube shi sama da ƙasa, na yi masa murmushin da ya fi kowanne kyau a rayuwata.

"Wa ya ce maka zan fasa? Ai ko kai ka fasa, ni ban fasa ba. Abu ɗaya nake so, ango."

"Me?"

"Ka sa a share min ɗakin da ke jikin siton da kake ɓoye buhunan. A nan zan zauna."